Ranar da Baba Ya Nemi Ruwan Wankin Allo a Odinatar

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun tamanin, na gama karatu na dawo da sana'ar da ko suna ba ta da shi a garinmu. Na koyi rubuta wa odinatar, wato kwamfuta, umarni, layi bayan layi, har ta yi abin da ake so. Yau ana ce mana injiniyoyin manhaja. A lokacin kuwa, in aka tambayi mahaifiyata aikina, cewa take yi, "Shina zaune gaban wata telbijin da ba a kallon komi cikinta."

An ɗauke ni gwajin aiki a biro, wato ofishin wani aikin raya noma a Madawa. Odinatar guda ce, a ɗaki mai sanyi, kuma ni da wani abokina kaɗai muke taɓa ta. Wata safiya shugabanmu ya kira ni ya ce ana neman irina a Yamai, aiki na dindindin, kuma ya ba da sunana. Wallahi ban san lokacin da na fito daga biron ba. Na gaida mai gadi har sau biyu, na gaida wani jakin da ke ɗaure a bakin ƙofa.

Na kama mota sai garinmu Urno, don in kai wa mahaifina albishir. Shi malami ne, a gabansa na yi karatun allo, shi ya koya mini ajami tun kafin a sa ni lakwal, makarantar boko. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kira ni da laƙabin da ake yi wa 'yan boko, ya ce, "Mushe, na ji. Maƙeri ina ganin hannunai ga garma, masaƙi ina ganin hannunai ga zane. Kai ina hannunka? Aikin da ba ni ganin hannunka ciki, ban san abin da za ni sa ma albarka ba."

Mahaifiyata ta raka ni har zaure ta ce, "Ka dai ji. Ba ka tahiya Yamai sai da albarka tai." Ni ma na san haka, ko ba ta faɗa ba.

A hanyar komawa dabara ta zo mini: zan koya wa odinatar ajami. Ita baƙaƙen boko kaɗai ta sani, daga hagu zuwa dama. Sai na zauna ina zana kowane harafi ɗigo bayan ɗigo, da siffarsa ta farkon kalma da ta tsakiya da ta ƙarshe, na kuma rubuta mata umarnin tafiya daga dama. Abokina yana ta yi mini tsiya. "Ka sa ta makarantar allo? To saura bulala!" Gwajin farko da ya fito, kai ka ce kaji ne suka taka tawada suka bi ta kan takarda. Na yi dariya har da hawaye, na koma na gyara.

Injin wutar biron kuma ba shi da alkawari. Ya taɓa mutuwa ya tafi mini da aikin yini guda. Tun daga ranar yatsuna suka saba, duk abin da na rubuta sai na adana shi a disket, wato ɗan faifan ajiya, kafin in yi komai.

Ranar kasuwar Madawa Baba ya shigo gari, na lallaɓa shi har biro. Ya tuɓe takalmansa a ƙofa, ya shiga, ya ja rawaninsa ya rufe kunne. "Wanga sanyi, na mutum ne ko na injin?" Na ce na injin ne. Ya ce, "Ita ce mai gidan ke nan."

Na zaunar da shi, na fara bugawa. Bisimilla ta fito koriya shar a kan baƙin gilashi, tana tafiya daga dama. Baba ya matso, ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa ba tare da ya taɓa ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Wa ya koya mata?"

"Ni ne, Baba."

"Ai na gani. Ga mim ɗinka nan mai ƙaton kai. Tun kana yaro nike hana ka, ba ka bari ba, yanzu har ka koya ma wani."

Daɗi ya kama ni kamar in tashi sama. Ya faɗo mini wata addu'a da yake rufe karatu da ita, na rubuta, ya karanta yana gyaɗa kai. A nan ne zumuɗi ya kwashe ni. Na ce, "Baba, tsaya ka ga wani abin mamaki!" Na danna maɓalli, gilashi ya koma baƙi ƙirin, babu ko ɗigo.

Baba ya miƙe tsaye. Fuskarsa ta sauya.

"Ka wanke?"

"E, Baba, nan take."

"To ruwan wankin, ina ya tahi?"

A gidanmu ba a wanke allo haka kawai. Sai ɗalibi ya biya karatunsa da ka, malam ya yarda ya haddace. Sannan a wanke cikin ƙwarya, a shanye ruwan ko a zuba shi gindin itace inda ƙafa ba ta takawa, saboda sunan Allah yana ciki. Baba ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ga wayoyi kwance a ƙasa inda muke takawa. Ya ɗago ya dube ni, ya nufi ƙofa wajen takalmansa.

Na ga Yamai tana ficewa tare da shi. Na bi shi ina bayanin wuta da haske, rabi Hausa rabi Faransanci, ina ƙara dagula magana. Abokina ya daka mini tsawa, "Kai, bar surutu! Maido mishi abinai!"

Sai na tuna yatsuna sun riga sun yi aikinsu. Na ce, "Baba, don Allah dubo sau guda." Na danna, faifai ya yi ɗan gurnani, sai ga Bisimilla, ga addu'a, babu wasalin da ya ɓace.

Ya dawo a hankali ya zauna. "Sake." Na wanke, na maido. "Sake." Na sake. Sai ya yi murmushi. "Ashe ba zubarwa kaka yi ba. Sai da ta haddace kana ka wanke." Ya sake duban gilashin. "In ba ta haddace ba ka wanke fa?"

"Ya ɓace ke nan, Baba."

"To ba ka ƙare aikinka ba, Mushe. Wane malami ka barin ɗalibi shi wanke allo bai biya ba? Hana ta."

Ya tafi kasuwa, ni kuwa na duƙufa, ko abincin rana ban nema ba. Bayan la'asar ya dawo. Na rubuta addu'ar, na nuna masa maɓallin wankewa na ce ya danna da kansa. Ya yi Bisimilla ya danna. Rubutu bai motsa ba. A ƙasa wani layi ya fito da ajami: An haddace?

Baba ya yi dariyar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ya kira abokina ya zo ya gani, sai ka ce ba a gabansa aka yi ba. Sannan ya ɗora hannu a kaina, a cikin wannan ɗakin mai sanyi, ya yi mini addu'a mai tsawo. Ya ce in tafi, Allah Ya sa albarka, amma faifan nan kada ya kuskura ya taɓa ƙasa. Na buga masa addu'ar a takarda, ya naɗe ta ya sa a gafakarsa. Mahaifiyata ta ce har wata ya mutu yana nuna wa baƙi mim ɗina mai ƙaton kai.

Na yi shekaru masu yawa a wannan sana'a, alhamdu lillahi, na ci na sha a cikinta, na aurar da 'ya'ya. Baba ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa sakin manhajar da ke goge abu ba tare da ta tsaya ta tambaya ba. Matasan da muke aiki tare suna ɗauka ƙa'idar littafi ce nake bi, kuma gaskiya littafin ma haka ya ce. Amma ni, duk lokacin da tambayar nan ta fito a gilashi, dattijo nake gani ba takalmi, ya duƙa ƙarƙashin tebur, yana neman inda sunan Allah ya zuba.