Na Kira Maganin Taubashina Tsafi

Edita, a wancan lokacin ni ɗan kabu-kabu ne a Bagudo, ina kai jarkunan fetur ƙetaren Benin tare da taubashina, ɗan kawuna. Mu biyun tramol ya kama mu. In ba mu haɗiya ba, ko mashin ba ma iya tayarwa.

Ranar da ya faɗi yana kakkafewa, ni na kai shi asibiti. Bayan magani, wata ma'aikaciyar jinya ta koya mana dabara: in sha'awar ƙwaya ta taso, mutum ya riƙa bubbuga goshinsa da kan yatsu, da ƙasan ido, da ƙirji, yana numfashi a hankali har abin ya lafa. Ta ce sai mun haɗa da barin majalisar da muke zama muna shan ƙwaya. Na yi dariya na watsar. Shi ya riƙe.

Kafin damina ta fita ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Mahaifiyata ba ta da zance sai in dubi ɗan ƙanenta. Ubangidanmu mai mashinan da muke hawa ya ba shi sabon mashin ɗin da na daɗe ina sa wa rai. Shi kuma cikin wasan taubasai yakan ce in zo ya bubbuge ni ko hankalina ya dawo gida. Ina dariya, hassada na cina.

Sai na je wurin dattawan masallacinmu na ce wani boka ne a ƙetare ya koya masa bubbugar nan, aljanu yake kira. Ƙasar Shari'a ce, ba wanda ke son a jingina shi da shirka. Suka zaunar da shi gaban jama'a. Ya ce a tambaye ni, ai tare muka je asibitin. Na ce ban san zancen ba. Aka sa shi ya rantse ya bari, ubangida ya karɓe mashin.

Ya koma ƙwaya fiye da dā. A hanyar Zagga ya faɗi da mashin ɗin aro, aka yanke masa ƙafa. Da na je dubiya ya ga sha'awar ƙwaya na damuna, sai ya ce, "Taubashi, in ta taso maka, daga goshi ake farawa."

Na koma na faɗa wa dattawa gaskiya, amma gaskiya ba ta mayar da ƙafa. Yau na rabu da ƙwaya, kuma da dabarar da na kira tsafi nake lallashin kaina. 'Yan'uwa, in kun ga naku ya kama igiyar fita daga rijiya, kada hassada ta sa ku yanke ta. Ni da na yanke, da ragowarta na fito.