Burodin Murna a Shingen Sabuwa

Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma abin ya fara lalacewa, lokacin da na ce wa mai burodin tashar Sabuwa ya juye mini duk abin da ke kan teburinsa.

A shekarar an rufe layukan waya a yankinmu, har su Faskari da Ƙanƙara, saboda 'yan bindiga. Mai neman sabis sai ya hau wani dutse a bayan gari, inda na jihar Kaduna ke ɗan leƙowa. Kullum ina can da tsohuwar wayar yayana, ina duba ko jami'a ta ɗauke ni. Ranar nan saƙo ya shigo: an ba ni gurbin karatun lauya. Na karanta shi har na haddace. Ni da ko baƙo ba na iya gaidawa sai na noƙe, sai ga ni ina gaida awaki a hanya.

Da ma na yi alwashi, ranar da na samu, kowane yaro a unguwarmu sai ya ci burodi. Na ɗora buhun burodin a ka, dariya tana ta kufce mini.

A shingen bakin gari aka tare ni. Su biyu ne: wani matashin jami'in tsaro, da wani dattijo ɗan sa-kai, abokin babanmu.

"Ke, tsaya! Burodin wa?" in ji matashin.

Murna ta mantar da ni cewa a lokacin duk wanda ya ɗauki burodi da yawa ya nufi wajen gari, ana zaton 'yan daji zai kai wa. Unguwarmu kuwa ita ce ta ƙarshe kafin daji. Na buɗe baki, kunya ta riƙe maganar, dariya ta fito.

"Dariya ma kike? Ba ke ce mai hawa dutse da waya kullum ba?"

Ya tambayi sunana, ya rubuta cikin waɗanda ake sa wa ido. Wanda aka rubuta, a kowane shinge ana iya sauke shi daga mota, ni kuma mako mai zuwa zan tafi Zariya rajista.

Na buɗe saƙon jami'ar, na miƙa wa dattijon wayar. Ya ba matashin ya karanta masa.

"Lauya?" Dattijon ya jingine bindigarsa ya tafa hannu. "Wannan mai kunyar? To a kotu wa zai yi maganar, ke ko alƙali?"

Har matashin ya murmusa. Suka ɗauki burodi ɗaya ɗaya, wai na bincike. Dattijon ya raka ni gida da kansa, yana yi wa duk wanda muka gamu da shi shela. Kafin mu isa, yara sun yi mini ayari, Inna tana guɗa tun daga zaure, ba ta ma san dalili ba.

Ni dai batun sunana da aka rubuta nake bi. Na tambaya a hanya, ya yi kamar bai ji ba. Na sake tambaya a ƙofar gida. Da zai tafi na daure na sha gabansa.

"Baba, don Allah, za a goge?"

Ya haɗiye lomarsa, ya karkaɗe gemu.

"Ɗiyata, Zariya ni zan kai ki, in ga mai sauke ki. Amma mu rubutawa kawai aka koya mana, mai gogewa ban taɓa ganinsa ba. Je ki yi karatun, ki dawo ki goge da kanki."