Amaryata a Hannun ’Yan Barka

Jiya da dare na yi wani irin mafarki, Malam Iro, kuma ina farkawa kai ka fara faɗo min a rai, ka ji rashin sa'a. Ba kai ne kullum a majalisa kake cika baki wai ka gaji fassarar mafarki a wurin kakanmu, ni kuwa yawon duniya kawai na gada ba? To yau ga ranarka, taubashi. Da kiranka zan yi, amma muryata ta dishe, in na yi magana sai ka rantse tsohon zakara ne. Nemo gilashinka ka karanta.

Bari in fara da abin da ya faru ido biyu, kar ka rikice. Ka san na dawo daga Kwatano da tsarabar da ban saya ba. Mura ce, irin mai haɗawa da zazzaɓi, gaɓoɓi kamar an kwana ana dukana, hanci kamar lalataccen famfo. Ka kuma san ’yar wajena ta fari, wadda bakina bai taɓa kiran sunanta ba tun da aka haife ta, ta sauka ina kan hanya. Mace aka samu, bakwaini. An sa ta a kwalbar ɗumama jarirai a babban asibitin shiyyarmu, ni ban ma gan ta ba sai a hoton waya. Na ce wa Hajiya, to ki shirya, na yi sabuwar amarya, ke kin tsufa. Ta ce in je can in ƙarata, amaryar da ba ta kai tafin hannuna ba.

Yau za a sallame su, kuma gidana za su sauka wankan jego. Hajiya ta ɓoye dabinon Madina a ƙasan akwati, ta ce ba mai tauna shi ya sa wa jaririyar nan a baki sai kakanta. Yaya Asabe, babbar yayata, ta ce ai ko ba a faɗa ba.

Jiya da rana kuma na lallaɓa wajen mai tsire ko bakina zai yi daɗi, sai ga motar shelar asibitin nan ta ratso kasuwa da lasifika. Wai lokacin mura ya shigo, a riƙa wanke hannu da sabulu, mai tari ya rufe baki, wanda yake fama da ita ya nisanci tsofaffi da masu ciki da jarirai. Na ce wa mai tsire, mura ai ’yar gida ce, na yi ta a Agadas, na yi ta a Kumasi, citta da barkono ne maganinta, ƙaro min yaji. Muka yi dariya. Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a tashar mota. Tashar Agadas ce, na gane rumfar mai shayi, amma a bayanta ruwan Ikko ne shimfiɗe har da kwale-kwale, kuma ban yi mamaki ba. Rana tsaka, amma kowa na sanye da rigar sanyi. Na ce wa ɗan kamasho ina motar gida. Ya nuna min wata doguwar farar mota. Na leƙa, babu kujera ko ɗaya, gadajen asibiti ne a jere, fasinjoji a zazzaune a kai da kayansu a cinya. Na ce, “Ɗan'uwa, wannan ina ta nufa?” Ya tura ni ciki ya ja ƙofa.

Akwai lasifika a saman motar. Muryar mace ce, ba faɗa, ba sauri, sak irin yadda ake karanta sanarwar rasuwa a rediyo. “Ana sanar da ’yan'uwa da abokan arziki, a riƙa wanke hannu da sabulu.” Fasinjoji suka ce, “Allah ya jiƙan rai.” Ta ce, “Ana sanar da na kusa da na nesa, mai tari ya tare bakinsa da gwiwar hannu.” Suka ce, “Allah ya sa an huta.” Na juya wurin wani dattijo a gadon kusa da ni na ce, “Baba, wa ya rasu?” Ya dube ni, ya kalli bakina, ya matsa can ƙarshen gado.

Sai kawai na ga ba mota ba ce, ƙofar gidana ce. Layin ’yan barka ya taso daga zaure ya miƙe har inda ido ba ya kaiwa, kamar layin manyan motoci a bakin iyaka ranar da aka rufe hanya. A bakin zauren an kafa famfo yana ta zuba, ga sabulu sabo fil ko takardarsa ba a yage ba. Wata ma'aikaciyar jinya tana tsaye da fararen kaya tana nuna famfon da hannu. Duk wanda ya iso sai ya ce, “Da alwalata,” ya wuce. Mata ma haka. Da layi ya zo kaina, Iro, na ji bakina ya ce, “Da alwalata.” Ta bi ni da ido kawai.

Kowa yana da takunkumi, amma a haɓa. Wanda ma ya rufe baki, da ya zo gaisuwa sai ya janye, don ba a gaida mutane baki a ɗaure. A gaisa, a yi tari, a share hanci da bakin gyale, a sake miƙa hannu. Moɗa ɗaya ce ke zagayawa da kunun kanwa.

Tsakar gidan ta yi faɗi kamar filin idi. Can na hango amaryata. Ba a kwalba take ba, a kan farantin silba take, irin wanda ake zagayawa da goro ranar ɗaurin aure, an naɗe ta da farin shawul. Ana miƙa ta hannu zuwa hannu. Wannan ta ɗauka ta ce, “Tubarkalla, ga hancin kakanta,” ta manna mata baki a goshi, ta yi tari, ta miƙa gaba. Waccan ta ce, “Kai, wannan ai ɓera ce,” a bushe da dariya, ta hura mata iska a fuska wai ta buɗe ido. Abin da na lura, duk hannun da ta bari sai ta ragu. Shawul ɗin yana nan yadda yake, ita ce ke ƙanƙancewa a ciki.

Uwarta na zaune a kan tabarma a gindin bango. Ta juya fuska gefe, ka san haihuwar fari, ba a kallo, ba a nuna an damu. Amma ina ganin hannunta, ta damƙe bakin tabarmar har kabar tana tsinkewa. Duk tarin da aka yi a kan farantin nan sai kafaɗarta ta motsa. Mata suna nuna ta suna cewa, “Kai, yarinyar nan akwai kunya. Dubi ko ɗaga kai ba ta yi ba. Hajiya kin iya tarbiyya.” Hajiya tana murmushi tana raba goro.

Na ce bari in kira ta in ce tashi ki karɓi ’yarki. Na buɗe baki, babu sunan. Ban taɓa faɗarsa ba, harshena bai san hanyarsa ba. Na ce, “Ke!” Duk matan gidan suka waiwayo, ban da ita.

Sai kawai na ji abu a bakina. Dabino ne, ban san lokacin da aka sa min ba. Ya riga ya tauno, ya yi laushi, ya haɗu da duk abin da ke maƙogwarona. Na yi in haɗiye, ya ƙi wucewa. Na nemi inda zan tofar, ko'ina tabarma ce da ƙafafun mutane. Yaya Asabe ta taso, ta yi tsawo har kanta na taɓa indararo, ta ɗora min farantin a cinya. Ba nauyi, Iro. Na taɓa ɗaukar ɗan tsako da ya fi shi nauyi.

Na yi mata nuni da hancina, na girgiza kai.

Ta ce, “Mura? Yau na ji iskanci. Da Baba ya tauna maka naka, tarin da yake yi har maƙwabta ba sa barci, ga ka nan ka ƙi mutuwa, sai yawo. Sa mata.”

Na sake girgiza kai.

Ta ce, “Dangin ubanta na kallo. So kake a ce ka raina jininsu?”

Aka fara tafi a hankali, irin na jiran amarya ta fito. Wata ta rangaɗa guɗa. Na duba ƙasa, amaryata ta buɗe ɗan bakinta, tana juya kai tana nema, ita a zatonta nono ne. Ta yarda da ni, ka gane? Yatsana ya tafi bakina da kansa, ya lakato, ya sauka. Ta kama tana tsotsa.

A nan atishawa ta taso min. Na ji ta tun daga tsakiyar kai. Hannu ɗaya a bakinta, ɗaya riƙe da faranti, ba damar juyawa. Jama'a suka yi tsit, kowa ya ɗan buɗe baki yana jira. Na sake ta a kan fuskarta. Gaba ɗaya filin ya ce, “Yarhamukallahu!” Ni aka yi wa addu'a. Ita ba wanda ya ce mata komai.

Sai ƙirjinta ya fara wani sauti. Ka tuna tsohuwar motar nan da ta mutu mana a hanyar Damagaram, yadda take ja kamar za ta tashi sai ta koma? Haka. Tsakanin haƙarƙarinta yana lotsawa yana tasowa. Na ɗaga kai ina neman ma'aikaciyar jinyar nan, tana can bakin zaure, layin mutane ya tare ta, kowa na ce mata ta bi layi in barka ta zo. Na ce a ba ni hanya. Wata tsohuwa ta ce, “Zauna, ba a tashi da jariri ana cikin addu'a.”

Sai kawai sautin ya tsaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai, ba wanda ya tashi daga inda yake. Tabarmin nan dai, mutanen nan dai, moɗar nan dai tana zagayawa. Gaisuwar kawai aka canja. Na gaban layi ya ce, “Barka da arziki,” na bayansa ya ce, “Ya ƙarin haƙuri.” Shi ke nan. Suka ci gaba da shigowa suna miƙa min hannu, ina karɓa, hannuna duk danƙon dabino.

Na ji mata na hira a bayana. “Dama bakwaini baƙo ne.” “Ni tun da na ɗauke ta na san ba mai zama ba ce.” “An dai yi asarar kuɗin kwalba.” Yaya Asabe ta tsaya a kan uwar ta ce, “Kar ki kuskura ki yi mana kuka a gaban surukai. Yarinya ce ke, baɗi war haka kin sake wata.” Ba ta yi kukan ba. Gaban rigarta ne kawai ya jiƙe da nono, yana ɗiga a kan tabarma, wata ta jefa mata zani ta ce ta rufe, maza na wucewa.

Aka ce kaka ne zai kai ta maƙabarta. Aka naɗe ta a ’yar tabarmar kaba aka ɗora min a hannu. Na fita, ba kowa a bayana, duk sun tsaya cin abinci. Hanyar ta zama ta kasuwarmu, ga mai tsire yana ɗaga min hannu yana tambaya ko a ƙaro yaji. Motar shelar nan tana bina a hankali, tayarta kusan a dugadugina. Muryar ta ce, “Ana sanar da Alhaji.” Na tsaya. Na ce, “Na'am, ina ji.” Ta ce, “An riga an sanar da Alhaji.”

Na juya don in roƙi mai muryar, sai na ga ’yata ce zaune a gaban motar. Karon farko a rayuwarta ta dube ni cikin ido. Ta miƙo hannu biyu ta taga. Na buɗe tabarmar in ba ta, ba kowa a ciki.

A nan na farka, rana ta riga ta fito, rigata sharkaf da gumi. Na san abin da za ka ce, mummunan mafarki ba a ba da labarinsa, a nemi tsari a yi tofi ta hagu. Na nemi tsarin, na yi tofin. Sai na tsaya ina kallon abin da ya fito daga bakina a kan siminti. Iro, ko kaza ba zan ba wa wannan ba.

Hajiya ta leƙo ta taga ta ce in tashi in yi wanka, sun taso daga asibiti. Na ce mata da wannan muryar tawa, ko za a bari in warke tukuna. Ta ce, “Jikarka ta fari? Ga dangin uban nan tafe da su. Alhaji, kar ka ba ni kunya yau.” Yanzu haka ina jin Yaya Asabe a tsakar gida tana ba da umarnin inda za a shimfiɗa tabarmi, kuma ita ma tari take yi.

To malamin fassara, ga ni gare ka, kuma ban da tsokana yau. Zazzaɓi ne ya dafa min kai, ko Shaiɗan ne ya samu abin wasa, ko nuna min aka yi? Su ’yan layin nan fa, ni kaɗai zan tare su? Ga a-daidaita-sahu nan ta tsaya a ƙofar gida, na ji an fara guɗa. In na murza makullin ɗakin nan na ƙi fitowa, wa zai gaya wa yarinyar nan ba ƙin ’yarta na yi ba, tunda ni da ita ba mu taɓa yin irin wannan maganar ba?