Fuskar Baƙar Takarda

Ƙanwata da ke aure a Faransa ce ta aiko mini da mashin ɗin yankan takarda, cikin kayan wata mata da ta zo ganin gida. Ta san shekarun da na yi ina yanke wa yaran ajina haruffa da raƙuma da taurari da almakashi, har babban yatsana ya yi kanta. A jardan nake koyarwa, ajin ƙananan da ba su kai shiga lekol, wato firamare, ba, kuma a wannan ajin komai sai an yanka an manna kafin ya zauna a kan yaro.

Mashin ɗin fari ne, tsawonsa kamar kamu ɗaya. Ana zana abin da ake so a odinater, wato kwamfuta, a shimfiɗa takarda a kan wani faifan roba mai danƙo, a tura shi bakin mashin. A ciki akwai ƴar wuƙa da ba ta fi tsinin allura ba, ita ke bin layin zanen. Abin da nake kwana biyu ina yi, sai ya gama kafin shayi ya huce. Ƙararsa kawai ce ban taɓa sabawa da ita ba. Ba ta da ƙarfi, amma tana kama da mutum yana cizon haƙora.

Tsakanin azahar da la'asar nake aiki da shi, lokacin da Agadas take yin tsit, ko akuya ba ka jin kukanta, lungunan tsohon gari babu kowa sai rana. Maigidana makaniki ne a Cirozerin, sai ƙarshen mako yake zuwa gida, saboda haka yawanci daga ni sai ƙarar nan a ɗaki.

A ƙarshen wata shekarar karatu na yi niyyar yi wa iyayen yara ƴar kyauta. Na ɗauki hoton kowane yaro ta gefe da salula, na bi layin goshi da hanci da haɓa a odinater, na yanka a baƙar takarda mai kauri. Babu ido, babu baki, inuwar kai kawai. Ina cikin baza su a tabarma sai na ji sallamar maƙwabciyarmu, tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna. Katanga ɗaya ta raba mu. Ta daɗe tana sayar da gishirin Tigidda a kasuwa, sai da yana ta rufe mata ido sannan ta zauna gida. Haske da duhu kaɗai take bambantawa, bango take bi da hannu in za ta shigo.

"Ɗiyata, mi ke cin abu a ɗakinki kullum da rana?" in ji ta. "Ina jin shi ta katanga."

Na yi dariya na zaunar da ita, na yi mata bayani, na sa mata ɗaya daga cikin kawunan a hannu. Ta bi gefensa da ɗan yatsa a hankali, daga goshi zuwa haɓa, ta sake komawa.

"Wanga ɗiyar mai burodi ce," ta ce. "Ga goshin uwarta nan."

Ita ce kuwa. Na ba ta wasu huɗu, ta gane biyu. Daga nan ta riƙe na ƙarshen a cinyarta har ta tashi.

Bayan kwana uku ta dawo da wani gwangwanin shayi. A ciki akwai hoto naɗe a ƙyalle. Na san ko wane ne tun kafin ta buɗe. Ɗanta namiji ɗaya tak, wanda ya bi masu haƙar zinariya can arewa shekara shida da suka wuce. A watannin farko yana kiran waya, daga baya aka daina jin sa. An tambayi direbobi, an tambayi waɗanda suka dawo, babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi.

"Hoton nan yanzu takarda ce kawai a hannuna," ta ce. "Sumul nake jin ta. Ki yanka mini shi yadda kika yi wa yaran nan, in riƙa taɓa shi."

Hoton ya dace da aikin kamar don shi aka ɗauka. Yana zaune a bayan mota a kan bidon ruwa, irin jarkar nan, ya juya kai yana kallon gefe, ba rawani, an yi masa aski ƙwal. Layin kansa ya fito sarai a jikin sararin sama. Na ce ta zauna, ba zai ɗau lokaci ba. Na bi layin da natsuwa, na manna takarda, na danna. Inna ta karkata kai tana sauraron mashin ɗin har ya yi shiru.

Da na ɓare kan daga faifan sai na ga wani abu a ƙeyarsa, can sama kaɗan da inda wuya ya fara. Layin ya lotsa ciki, kamar an danna babban yatsa a ɗanyen yumɓu. Na duba odinater, layin da na zana lafiya yake, zagaye kamar bayan ƙwarya. Na duba hoton, haka. Na ce a raina takardar ce ta zame.

"Bari in sake, Inna, wannan ya ɓaci."

"Ba ni shi tukuna."

Ta karɓa. Ta bi goshi, ta bi hanci, leɓenta na motsi. Ta zagaya ta saman kai ta gangaro, yatsanta ya faɗa cikin wurin ya tsaya.

"Mi ya same shi nan?"

"Ba komai, Inna. Mashin ne ya yi kuskure."

"Da ya tahi ba shi da wanga."

Na sa sabuwar takarda na sake yankawa. Wurin ya sake fitowa, a daidai inda yake, girmansa ɗaya. Na ɗora na biyun a kan na farkon, ko gashi bai bambanta su ba. Na canza wuƙar, na sa sabuwa fil daga cikin ledarta, na juya zanen ya koma ɗaya kusurwar faifan. Na uku ma haka. Kuma a wannan karon na kasa kunne, na ji in wuƙar ta iso ƙeya sai ta ɗan dakata, kamar mai tafiya ya ga rami a gabansa, sannan ta shiga ta fito. Na ce wa Inna ta je ta huta, zan kawo mata idan na gyara.

Ran Asabar maigida ya zo, na nuna masa. Shi mutum ne da bai yarda akwai ƙarfen da zai gagare shi ba. Ya ce rairayi ne ya shiga, garin nan har cikin agogo yake shiga. Ya kwance murfin, ya hure, ya goge da burushi, ya mayar. Ya yanka da'ira a daidai wurin, ta fito lafiya. Ya yanka kan ɗiyar mai burodi, lafiya. Ya yanka na ɗan Inna, sai ga wurin. Ya ce to a zanena matsalar take, ya goge shi gaba ɗaya, ya zauna ya bi layin hoton da hannunsa, ya ƙara girman ƙeyar har ta cika fuskar odinater, yana dubawa ɗigo ɗigo. Da mashin ya gama ya ɗaga takardar sama ya kalle ta, ya daɗe. Sannan ya zare wayar wutar mashin daga bango.

"Ki yanka mata da almakashi," ya ce. "Kuma kada ki sake sa hoton nan a ciki."

"Malam, me ka gani?"

"Ban ga komai ba. Shi ya sa."

Na yi yadda ya ce. Na zana da fensir, na yanka da hannu, ƙeya zagaye lafiya lau, na kai mata. Tana zaune a inuwar rumfarta tana jan carbi. Ba ta ma kai ga ƙeyar ba ta miƙo mini abina.

"Wanga da almakashi kika yi. Ina jin inda kika tsaya kika sake kamawa. Kawo mini na farin."

Na ce wancan ɓatacce ne, ba na so ya sa mata tunani. Ta ce tunanin da ta shekara shida tana yi ba takarda ce za ta ƙara shi ba. Na koma gida na ɗauko. Ina tsaye ta sa yatsa a wurin tana shafawa, ni kuwa ina jiran ta fashe da kuka, don ni abin da na sa a raina ke nan, cewa na miƙa wa uwa labarin mutuwar ɗanta. Sai na ga fuskarta ta saki.

"Taɓa nan," ta ce, ta kamo hannuna. "Kin ji bakin shi? Babu kaifi. Ciwon da ya kashe mutum ba ya yin laushi haka. Wanga ya warke."

Daga ranar ta sa aka buɗe ɗakin ɗan nata da ke zaure. Kullum da hantsi sai in ji ƙarar tsintsiya ta katanga, tana share shi da lalube. Ta sa a wanke masa riguna biyu. Ƴarta da ke aure a Ingal ta zo ta same ni, ba da faɗa ba, amma ta ce da na bar tsohuwa da haƙurinta, yanzu ko motar gawayi ta tsaya a bakin lungu sai ta miƙe. Na daina kunna mashin da rana, don na san tana jin sa.

Ɗan nata bai zo ba. Inna ta rasu bayan wata biyar, zazzaɓin kwana huɗu. Matan da suka yi mata wanka sun sami takardar a cikin lalitarta, ta yi laushi kamar ƙyalle saboda taɓawa.

Ranar sadakar uku, a cikin mazan da ke zaune a waje, wani baƙo ya zo ya yi gaisuwa. Ya ce kwanan nan ya sauko daga arewa, a tasha ya ji ana maganar rasuwar, ya gane gidan daga kwatance. Sun yi aiki rami ɗaya da ɗan Inna. Maigidana na kusa da shi, shi ya yi masa tambayoyi. Mutumin ya ce tun shekararsu ta farko dutse ya zubo a rami ya sami yaron a kai. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, ya tashi, amma magana ta ƙi, sunan garinsu ma sai ya yi ta kallon mutum. Wasu makiyaya suka tafi da shi yana taya su ban ruwa a wata rijiya can bayan iyaka. Ganinsa na ƙarshe da shi ya kai shekara biyu, a lokacin yana tafiya da ƙafarsa, yana ci yana sha. Ya ce ya so ya aiko da saƙo, sai ya rasa yadda zai fara gaya wa uwa irin wannan.

Maigida ya tambaye shi ina dutsen ya same shi. Mutumin ya ture rawaninsa, ya kai yatsa ƙeyarsa, sama kaɗan da wuya.

Sai bayan mako guda maigida ya gaya mini wannan, muna cin abinci, bai ɗago kai ba. Dangin sun ba direbobi biyu saƙo su bincika rijiyar. Ɗaya ya ce ya sami wurin amma mutanen sun tashi. Ɗayan bai kawo wani labari ba. Har yau a nan maganar ta tsaya.

Labarin takardar kuwa ya fita, ban san ta bakin wa ba. Mata suka fara zuwa ƙofata, kusan duk da rana tsaka, lokacin da babu mai ganinsu. Wata ɗanta, wata mijinta, wata ƙaninta da ya hau motar Libiya. Kowace da hoto a gefen zane. Nakan ba su ruwa, in ce musu ni malamar jardan ce, mashin ɗin na yankan haruffa ne, ba ya sanin komai. Wasu su yi godiya su tafi, wasu su zauna suna kallon inda yake a rufe da mayafi. Ban yanka wa ko ɗaya ba. Ina tsoron abin da zai fito, ina kuma tsoron ya fito sumul su ɗauka wata magana ce.

Na ci gaba da aiki da shi. Katunan biki da na suna, furanni, hasumiyar babban masallaci da yara ke son shafa wa jar ƙasa. Kawunan yara dai ban sake yi ba.

Bara wata mata da ban san daga wace unguwa take ba ta zo, matashiya, da goyo. Na faɗa mata abin da nake faɗa wa kowa. Ta ce to, ta sha ruwa, ta yi sallama. Da na zo naɗe tabarma sai na ga ta bar hoton da ta zo da shi a ƙarƙashi. Wani saurayi ne a bakin wata butik, irin ƙaramin kantin nan, ya juya gefe yana yi wa wani dariya. Na tambaya a unguwa, babu wanda ya san ta. Na sa hoton a cikin littafin kiran sunan yara, a shafin ƙarshe, ko za ta dawo nemansa. Ba ta dawo ba tukuna.