Baba da Hitar Maƙwabcinsa

Bana shekara bakwai da rasuwar mahaifina, Baba Bitrus, direban bas a Manchester kuma malamin makarantar Lahadi a cocinmu.

Da muka tare a unguwar, maƙwabcinmu wani tsohon Bayahude ne. Wata Asabar ya tare Baba a ƙofa ya ce yau gidansa akwai sanyi. Baba, Bahaushe sarkin gaisuwa, ya ce ai lokacinsa ne, ya yi gaba abinsa. Sai da matar tsohon ta ja Mama gefe ta yi mata bayani: ran Asabar addininsu ya hana su kunna wuta, kuma ba sa roƙo kai tsaye. Kunya ta kama Baba. Daga ranar, duk Asabar ɗin hunturu shi ke kunna musu hita mai ɗumama gida, ya zauna a sha hira.

A wannan hirar ya kamu da son tarihin Yahudawa da Kiristocin farko. Ya ishe mu da shi, har kan tuwo. Yakan ce ba rana ɗaya aka raba gari ba. Mabiyan Almasihu sun daɗe suna shiga majami'ar Yahudawa, wasu ma wurinsu suke jin ranar Idin Ƙetarewa kafin su sa ranar Ista. Ana musu mai zafi, ana kuma leƙa juna.

Da ƙanena Iliya ya musulunta ya koma Small Heath a Birmingham, gidanmu ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Baba ya yi kuka, na gani da idona. Amma ƙarshen kowane wata sai ya hau jirgin ƙasa ya je, su yi gardama, ya ci abincin surukarsa ya dawo.

Ni ce na kasa. Tun ranar jana'iza ban taka gidan Iliya ba, wai ina fushi a madadin Baba, mutumin da bai taɓa riƙe fushin ba. Da yana nan, na san da ido kawai zai tambaye ni wa ya aike ni.

Shekaranjiya na daure na buga waya gidan Iliya. 'Yarsa ce ta ɗauka, da Turancinta na Birmingham, tana tambayar wace ce. Sai na ji muryar Iliya kusa da ita.

"Ba ni wayar. Gwaggonki ce."