Saniyar Kirsimeti da Bencin Baya

Ni na karanta takardar da ta mayar da yayana bencin baya a majami'a. Ba ni kaɗai na tsara ta ba, amma bakina ne ya faɗe ta gaban jama'a, kuma ran nan har wani daɗi na ji don ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Irin mutumin da nake ke nan a lokacin.

Ƙauyenmu yana tsakanin Batsari da Safana. Kakanninmu Maguzawa ne. Da zamani ya juya sai gidan ya rabu, wasu suka musulunta, wasu suka bi Yesu, amma rijiya ɗaya muke sha, gayya ɗaya muke fita. Yaya shi ya fara karɓar baftisma a gidanmu, shi ya ja ni. Bai taɓa shiga aji ba. Ni na yi aji biyar na firamare kafin fartanya ta kira ni gona, kuma a ikilisiyarmu mai aji biyar malami ne.

Kowace Kirsimeti masu bi kan haɗu su yi watandar saniya, Yaya ke riƙe da al'amarin. Da sassafe yakan aika a kira wani mahauci Musulmi, abokinsa tun suna kiwon awaki, ya zo da wuƙaƙensa, ya juya ta gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In Kirista ya yanka, rabin danginmu ba za su ci ba. Ƙanwarmu da ke aure a Karare Musulma ce, takan zo da 'ya'yanta su cika tsakar gida. Kwanonin shinkafa da nama su yi ta fita gida-gida, ran Layya kuma su dawo mana da soye. Ba wanda ya taɓa zama ya ba abin suna. Haka muka tashi muka gani.

Sai aka turo mana sabon fasto, matashi, fitowarsa ke nan daga makarantar Baibul. Ba mugun mutum ba ne, kada in yi mashi ƙarya. Ya taso a inda aka taɓa ƙone masu majami'a, kuma wutar ba ta mutu a cikinsa ba. Yana zuwa ya gane na iya karatu, ya sa ni cikin dattawa, ya ba ni aikin rubuta abin da aka tattauna. Ni da na yi shekara arba'in ana ce mani ƙanen wane, sai ga fasto yana tambayata shawara. Kaina ya kumbura.

Ana saura mako ɗaya Kirsimeti ya faɗa a wa'azi cewa bana mai bi ne zai yanka. Yaya ya ji, ya gyaɗa kai, ranar ta zo ya aika aka kira mahaucinsa kamar kullum.

Aka kira Yaya gaban dattawa. Mu huɗu ne da fasto, a ƙarƙashin dalbejiyar majami'a.

Fasto ya ce, "Baba, wa ya ba ka izini ka miƙa wuƙa ga wanda bai san Kristi ba, a ranar haihuwar Kristi?"

Yaya ya ce, "Fasto, saniya na ba shi ya yanka, ba ikilisiya ba."

"Da wane suna ya yanka?"

"Da sunan Allah. Kai da wane suna kake cin tuwo?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Na ga fuskar fasto ta canja. Har gobe ina da yaƙinin cewa ba don saniyar aka yi horon nan ba, don dariyar ce. Sauran dattawan suka yi ta kame-kame, wannan ya ce a yi haƙuri, wancan ya ce tsufa ne. Fasto ya juyo ya ce, "Kai da ka san Littafi, me ka gani?" Na ce doka ba ta san yaya ba. Na faɗa da ƙarfi, ina kallon gefe.

Ga wanda bai san horo ba: wata uku kana zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ba ka cin jibin Ubangiji, wato gurasar da masu bi ke rabawa a sujada, ba ka yi wa jama'a addu'a. In wata ukun sun cika sai ka tashi gaban kowa ka ce ka yi zunubi ka tuba, a mayar da kai. Benci ne na waɗanda aka kama da matar wani ko da tulun burkutu. Nan na aika mutumin da ya ɗauko jinkar majami'ar a kansa.

Ran Lahadi na karanta. Ya tashi daga bencin gaba da sandarsa, ya taka har baya, ya zauna. Matarsa ta bar layin zumuntar mata ta bi shi, ko da yake ba a ambace ta ba. Wannan mata abokiyar wasata ce tun ranar da aka kawo ta gidanmu. Duk sanda ta gan ni sai ta ce, "Mijina na biyu, yau ma ba cefane?" Daga ran nan na koma "sannu da zuwa" kawai, a ajiye mani ruwa a koma ɗaki.

Wata uku suka cika, na je gona na same shi yana sassabe. Na ce, "Yaya, Lahadi mai zuwa ka tashi ka faɗi kalma biyu, a wuce wurin."

Ya ce, "Wace kalma, Malam Sakatare?"

"Ka ce ka yi zunubi."

"In na ce na yi, to a nan ne zan fara yin shi, don na yi ƙarya a ɗakin Allah. Miƙo mani gatarin can."

Bai tashi ba, kuma bai daina zuwa ba. Kowace Lahadi shi ke fara isa, ya share bencinsa da gefen riga ya zauna. In an zo jibi, ni ke zagayawa da faranti. In na iso layin ƙarshe sai in juya. Na yi ta juyawa har ƙafata ta saba, ba sai na yi tunani ba.

Kirsimetin da ta biyo aka ce ni zan yanka. Ban taɓa yanka abin da ya fi zakara ba. Mutum shida suka danne saniyar, wuƙar ba ta da kaifi. Mahaucin yana tsaye bayan danga ya harɗe hannu. Ya ce, "Dattijo, yanka kake ko sassaƙar turmi? Ka ji tsoron Allah, dabbar nan ba ta yi maka komai ba." Mata suka tuntsire. Aka dafa, ba kwanon da ya fita. Ƙanwarmu ta zo, ta sha fura, ta yi wa 'ya'yanta tsawa da suka nufi tukunya, kafin la'asar ta kama hanyar Karare. Shekarar gaba gaisuwa kawai ta aiko.

Bayan shekara huɗu aka yi wa faston canjin wuri. Ya tafi abinsa, ya bar mana abin da ya dasa. Muka yi shekaru ba mu da fasto zaunanne, ni ne babba a dattawa, maganata ake bi. Da na ga dama, Lahadi ɗaya ta isa. Nakan ce wa kaina ba ni da ikon kwance abin da fasto ya ɗaure. Ƙarya ce. Abin da nake gudu shi ne in ya dawo gaba ba tare da ya tuba ba, kowa ya san wanda ya yi laifin.

A shekara ta tara aka kawo mana wani fasto, dattijo mai furfura, shi ma jinin Maguzawa. Jibinsa na farko ya ga na juya a layin ƙarshe. Bayan an tashi ya ce, "Wancan tsohon fa, me ya yi?" Na ba shi labari yadda zai yi mani kyau. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "A garinmu ma liman ne ke yanka mana." Bai ƙara ba.

Mutumin nan bai kira taro ba. Ya ɗauki fartanya ya je ya taya Yaya noman gyaɗa kwana biyu. A rana ta uku ya zo gidana, muka gaisa har iyali da dabbobi, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, na ce mashi ya dawo gaba yau ma, ya ƙi. Ya ce bakin da ya kai shi baya shi zai dawo da shi. Kuma gaskiyarsa. Ran Lahadi za ka tashi ka ce ikilisiya ta yi kuskure, kai ma ka yi."

Na ce, "Fasto, in dattijo ya ce ya yi kuskure, gobe wa zai ji maganarsa?"

Ya ce, "Ni dai wanda bai taɓa faɗin haka ba, shi nake tsoro."

Na amsa mashi da to. Lahadi ta zo, majami'a ta cika don labari ya zagaya. Na tashi, na dubi fuskokin nan, na ga matasan da nake tsawata wa, na ga surukaina. Sai na ji bakina yana cewa, "Dattawa sun duba, sun ga ɗan'uwanmu ya daɗe a horo. Ikilisiya ta yafe mashi, yana iya dawowa."

Wasu suka fara tafi. Yaya ya miƙe a hankali, ya ce, "Me aka yafe mani?" Ya sa hularsa, ya fita, matarsa na biye. Shekara tara yana shan kunya bai fasa Lahadi ɗaya ba, ni na kore shi da jimla guda. Fasto bai yi mani faɗa ba. Ya ce kawai, "Lahadi ba ta ƙare ba, akwai wata." Na ce sai ƙura ta lafa. Na yi ta cewa sai an yi girbi, sai an wuce biki, sai wata mai zuwa.

Kafin in shirya, 'yan bindiga suka shirya. Ba zan ba da wannan labarin a nan ba, duk wanda ya fito daga yankinmu yana da irinsa. Suka kwashe shanu, suka zo na biyu suka kwashe mutane, a na uku ba su tarar da kowa ba. Ikilisiyarmu ta watse, wasu Dutsinma, wasu Katsina, wasu inda ba a dawowa. Ni na sami rumfa a Safana. Yaya kuwa mahaucin nan ne, da ya riga ya koma Batsari, ya ba shi ɗaki a gidansa.

Na je na sami Yaya kwance, ƙafafu sun kumbura. Na durƙusa na ce, "Yaya, na zalunce ka, ka yafe mani."

Ya ce, "Wannan tsakanina da kai ne, na yafe tun tuni, uwa ɗaya ta haife mu. Amma ba a ɗaki ka karanta takardar ba."

To ina jama'ar? Majami'ar ma awaki ba sa kwana cikinta yanzu. Na nemi faston nan mai furfura, yana zaune wurin 'yarsa, ba shi da ikilisiya, ba shi da albashi. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya hau mashin ya yi mako biyu yana bin mutanenmu ɗaya-ɗaya. Bakwai ya samu. Ya roƙi mai gidan izinin yin sujada a ɗakin, mahaucin ya ce, "Ku yi abinku, Fasto, in dai ba Dattijo ne zai yi yanka ba." Ya shimfiɗa mana tabarma da kansa ya fita kasuwa.

Na tsaya a gaban mutum bakwai na ce ikilisiya ta yi kuskure, ni na fi kowa, mutumin nan bai yi zunubi ba, girman kai ya sa na riƙe shi. Muryata ta shige ciki. Yaya ya ce, "Ɗaga murya mana, ai kana da ita." Na sake faɗa har matan gidan suka leƙo. Fasto ya gutsura gurasa ya miƙa mani farantin, na kai wa Yaya. Ya ɗauka ya ci. Ya ce, "Ka makara, amma na ji."

An nemi in shiga dattawa a inda nake sujada yanzu, na ce su nemi wani. Abin da ya rage mani shi ne sauran mutanen. Majami'a cike ta ji takardar horon, bakwai suka ji na janye ta, kuma ba na so a wani gari a ce wa jikokinsa kakanku a horo ya tsufa. Don haka duk inda na ci karo da ɗan ikilisiyarmu, a kasuwa ko a wurin biki, nakan tsayar da shi in faɗa mashi. Wasu su ce Allah ya kyauta. Wasu su kawar da kai, don su ma sun yi shiru a lokacin.

Kwanan baya na haɗu da wata a tashar Dutsinma, tana cikin mawaƙanmu a da, duk shekarun nan tana wuce bencinsa kowace Lahadi. Na gaishe ta, na yi mata bayani tun daga farko har ƙarshe, mota na jira. Ta dube ni ta ce, "Wai horo ne? Ni ai na ɗauka Baba iskar bakin ƙofa yake so." Ta tambaye ni ko farashin gero ya sauko a Safana, ta shiga motarta.