Tankin Jegon da Baba Ya Ƙera

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Iro mai walda na Ƙanƙara. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Ni ce babbar 'yarsa, kuma ni na fi shan faɗansa, don ni ce mai rawar kai a gidan.

Baba ya gaji ƙira, ya koma walda, daga baya ya kama ƙera tankin dafa ruwa mai murhun gas a ƙarƙashi. Masu jego ne manyan masu neman sa, tunda wankan kwana arba'in da tafasasshen ruwa ba ƙaramin icce yake ci ba. A lokacin dariya ake yi masa, wai wa zai bar icce ga daji a bayan gida. Yau da shiga dajin nan sai mai ƙarar kwana, tulun gas ya shiga gidaje har Mairuwa da Sabuwa. Nakan ce da yana nan da ya yi murmushin nan nasa na gefen baki. Amma na san murnar ba za ta daɗe ba, da ya ga har yanzu akwai masu neman inda gas ke yoyo da ƙyasta ashana.

Shi da kumfar sabulu yake nema. Ya shafa wa tiyo da bakin tulu, inda ya ga kumfa na tasowa nan ɓarnar take. Ya duba robar bakin ko ta bushe ta tsage. Ya dubi wutar, in shuɗiya ce lafiya, in ta koma ja tana baƙanta gindi to ƙofofin murhu sun toshe. Sai ya ƙwanƙwasa tankin da sifana yana karkata kai kamar mai sauraren gulma. Ya sha gaya wa mata su daina barin ruwan ganye yana kwana a ciki, don shi ke cin ƙarfe daga ciki ba a gani.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne fenti a kan tsatsa. Da na dawo gida wankan haihuwata ta fari, Gwaggo Hure, yayarsa, ta sa aka shafe tsohon tankinmu da shuɗin fenti don kada 'yan suna su ga muninsa. Baba ya kankare gindin da ƙusa, ya danna babban yatsa, ƙarfen ya lotsa dab da murhu.

“Yaya, ba ni kunna wannan,” in ji shi. “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

“To mi za ta yi wanka da shi? Jego ba ya hutu, Iro.”

Kwana uku dattijon nan yana hura wutar icce a tsakar gida yana dafa mini ruwa a tukunyar ƙasa, mata na leƙe suna ƙunshe dariya, har ya ƙera sabo. A lokacin kunya ta kusa kashe ni. Yanzu in na tuna, hawaye nake yi.

Wannan sabon tankin shi ne aikinsa na ƙarshe da ya rage mana, kuma Inna, mahaifiyarmu, tana ji da shi kamar ranta. A watan jiya autarmu Rabi ta dawo wankan gida. Na zo daga Faskari barka, na ga jan ruwa yana tsatsafowa daga layin waldar ƙasa, yana ɗiga kusa da wuta. Na sauya tiyo, na share murhu kamar yadda na koya a wurin Baba, amma da na ƙwanƙwasa gindin na ji abin da ba na son ji. Na yini ina kewaya maganar, don ban san yadda ake ce wa uwa ta rabu da aikin hannun mijinta ba. Ga kuma Rabi da jaririya suna zama taku uku daga wurin kullum safe da yamma.

Bayan la'asar na durƙusa na faɗa mata. Inna ta daɗe tana kallon tankin, ta share ido da gefen mayafi.

“Tun bara na ga shina zufa,” ta ce. “Jira nike in ga ko ya bar mai hwaɗa min gaskiya a gidan nan. Ku hitar da shi.”

Muka fitar. Wani tsohon abokin aikin Baba ya ƙera wa Rabi sabo, ni na tsaya a kansa har ya gama. Ƙarfen Baba duk zai ƙare, na yarda da wannan yanzu, ba kuma ya tayar mini da hankali kamar da. Ran sunan, matan unguwa huɗu suka ja ni gefe, kowacce tana so in leƙa gidanta in duba mata tanki kafin 'yarta ta haihu. Na shiga duka huɗun kafin in hau mota.